Ranar da Muka Yi wa Kawu Ado

Da sunan Allah mai rahama nake farawa. Na daɗe ina ɗage wannan rubutu saboda tsoron kada in faɗi abin da ba haka yake ba. Ni ba lauya ba ce, ba kuma likita ba. Abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini. Inda na taɓo doka, to iyakar fahimtata ce, kuma dokar Ingila ce kamar yadda na same ta a lokacin. Duk wanda abin ya shafa ya bincika da kansa. Na rubuta ne domin gidajenmu na nan London da ke da tsoho a kwance, da kuma wadda take tsaye a kansa ita kaɗai.

Na zo ƙasar nan yin digiri na biyu, na sauka a gidan yayan mahaifiyata, Kawu Ɗanlami, a wani flat da ke gabashin London. Shekarunsa na aiki duk a tuƙin bas ya yi su har ya yi ritaya. Matarsa Hajiya Rabi, wadda kowa ke kira Umma, ita ce ta riƙe ni kamar 'yar cikinta. Sunan mahaifiyar Kawu aka sa mini, saboda haka shi yana kirana Uwata, ita kuwa Umma, da yake ba ta faɗin sunan surukarta, Maisuna take ce mini. Ɗansu ɗaya ne, Faisal, yana aiki a arewacin ƙasar da iyalinsa. Gidan nan an san shi da baƙi. Ɗalibai da yawa da masu neman aiki, a kan kujerar falon Kawu suka kwana ranar da suka fara shigowa London, kuma ba wanda ya taɓa fita bai ci abinci ba.

Ciwon ya fara ne wata safiya muna karyawa. Kofin shayi ya kuɓuce daga hannun Kawu, ya buɗe baki zai yi magana sai muka ga ya karkace. Motar asibiti ba ta yi jinkiri ba, wannan kam sai godiya. Amma da muka isa, a kan gadon da ake turawa ya wuni a barandar asibiti, tsakanin wani tsoho mai tari da wata mata da ta karye a ƙugu. Umma ta ƙi zama. Tana tsaye tana riƙe da hularsa, duk ma'aikacin da ya wuce sai ta gaishe shi. An ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta hagu. A mako na biyu magana ta dawo, ƙafa ta ɗan fara ɗauka, hannu dai shiru. A mako na uku na fara lura da abin da ya fi shanyewar tsorata ni: ya tambaye ni ko na ci jarrabawa, alhali shi ya raka ni bikin karɓar shaidar digirin. Wata likita ta ce sai an tura shi wurin masu duba mantuwa, kuma layin yana da tsawo.

Sai wata rana aka ce mana shi yanzu “medically fit” ne. Wannan kalma ta zauna mini a kai har yau. Na ɗauka cewa ake ya warke. Ashe nufinsu asibiti ya gama nasa, sauran na gida ne. Wata ma'aikaciya ta yi mana bayani da kyau cewa za a riƙa turo masu taimako gida kyauta, na ɗan lokaci, iyakarsa mako shida, su taya shi wanka da sa kaya har ya saba. Bayan nan council, wato ƙaramar hukumar yankinmu, za ta aiko a duba shi, a ga ko ya cancanci taimako mai ɗorewa. Umma ta yi ta godiya. A cikin tasi kuwa ta ce mini, “Maisuna, wai mutum ya bar wata ta tuɓe masa miji yana zaune?”

Kafin mu kwana biyu a gida shawarwari suka fara zuwa. Daga gida Najeriya aka ce a dawo da shi, akwai mai magani a ƙauyen kakanninsa. Wata ta ce man zaitun da habbatus sauda, safe da yamma. Wani ya ce duk laifin sanyin ƙasar ne. Wanda ya fi yi mana illa shi ne wani dattijo cikin abokan Kawu da suke haɗuwa a masallacin Whitechapel bayan Juma'a. Ya zauna a falo, ya sha kunu, ya rage murya ya ce wa Umma, “Hajiya, ki yi hankali da mutanen council ɗin nan. Da sun ga kin kasa, shi ke nan. Su ɗauke shi su kai gidan tsofaffi, a ba shi abin da ba ki san yankansa ba, sannan su karɓe flat. Na ga an yi.” Ban san wa ya ga an yi wa ba, ban kuma tambaya ba. Daga baya na karanta cewa muddin matar mutum tana zaune a cikin gidan, ba a sa gidan a lissafin abin da zai biya, kuma in a gida ake kula da shi ma ba a sa shi. Amma Umma ta riga ta ji, kuma maganar dattijo ta fi tawa nauyi.

Masu taimakon farko mata ne. Kawu ya ja bargo har wuya ya juya fuska bango. Na roƙa aka turo namiji, kuma Allah Ya sa aka dace da wani mutumin Kumasi, Malam Issah, mai Hausar zango. Kawu ya ji daɗinsa ƙwarai, har yana tsokanarsa wai Hausarsa ba ta san mace ba ta san namiji ba. Sai dai duk ranar da Malam Issah ya ƙwanƙwasa ƙofa, yakan tarar Kawu a wanke tas, an shafa masa mai, an sa masa kaya, yana zaune a falo. Umma takan tashi tun asuba ta yi duk wannan, domin kada baƙo ya shigo ya same shi a halin da ya kwana. Sannan ta ajiye wa Malam Issah ƙosai da kunu.

“Hajiya,” in ji shi wata rana, yana dariya, “kai ya yi wanka masa, kai ya sa riga masa. To ni mene zan yi? Na zo cin ƙosai ne?”

“Ci mana,” in ji Umma. “Ai zuwan naka ma taimako ne. Kana ɗebe masa kewa.”

Shi kuwa aikinsa ya haɗa da rubuta abin da ya tarar a kowace ziyara. Abin da ya tarar ya rubuta, ba ƙari. Ban ga laifinsa ba.

Ga abin da bai tarar ba. Kawu ba ya iya tashi daga gado sai an ɗaga shi, kuma mutum ne mai jiki. Fitsari yana kuɓuce masa, wani lokaci har da bayan gida. Yakan tashi cikin dare ya ce zai tafi gareji ya ɗauki bas, ya zame ya faɗi. Ni 'yar ƙanwarsa ce, ba ya yarda in ga jikinsa, Umma ma ba ta yarda. Iyakata wanki, girki, cefane da karɓo magani, kuma na riga na fara sabon aiki da ba ni da bakin neman hutu a cikinsa. Ɗagawa da wankewa da juyawa duk a kan Umma suke, matar da ta haura sittin, mai hawan jini da ciwon gwiwa. Ƙunzugun manya da ake ba mu ba ya isa, sai mun ƙara da namu. Injin wanki ba ya hutawa, kuɗin wuta ya tashi, kuɗin tasi zuwa asibiti ya zama abin da ake tunani kafin a kira. Faisal yana bugo waya kullum, kullum Umma tana ce masa, “Da sauƙi sosai, ka yi zamanka, ka kula da aikinka.”

Da makonni shidan suka kusa ƙarewa, aka sanar da mu ranar da ma'aikaciyar council za ta zo. A nan ne abin da nake so a yi hattara da shi ya faru.

Umma ta ɗauki ranar kamar ranar zuwan surukai. Ta kira aminiyarta Anti Ladi, mutuniyar Jos da ke zaune a Lewisham, wadda suka san juna tun suna sababbin zuwa. Anti Ladi ta taho da bokiti da safar hannu, ta tsaya a bakin ɗakin Kawu ta toshe hanci.

“Kai, Rabi! Haka kike zaune? Yesu. In Baturiyar nan ta ji wannan ai sai ta ce Hausawa ba su san ruwa ba.”

“Shi ya sa na kira ki, ba don surutu ba,” in ji Umma.

Aka wanke bango, aka canza labule, aka shanya katifa. Kujera mai fo da Kawu ke amfani da ita aka kai ta baranda aka lulluɓe da zane aka ɗora tukunyar fure a kai. Ƙunzugu aka tura ƙarƙashin gadona. Aka kira mai aski. Na ce, “Umma, ina ganin gara a bar wasu abubuwan ta gani, tunda dubawa za ta zo yi.” Ta dube ni kamar na zagi wani.

“Ta ga me? Ta ga fon Alhaji? Mutumin da ya sauki rabin garin nan a gidansa? Maisuna, karatu bai hana sanin ya-kamata ba.”

Anti Ladi ta ce, “Bar ta, Farfesa ce. Ɗauko tsumma, Farfesa.”

Ranar da safe aka sa wa Kawu farar shadda da hula zanna, aka fesa masa turare, aka zaunar da shi a babbar kujerarsa, aka gyara hannun da ya shanye a kan cinyarsa aka rufe da hannun riga. Umma ta yi waina da miyar taushe, ta turara gidan da turaren wuta har ana ji daga matakala.

Ma'aikaciyar matashiya ce mai fara'a, ta cire takalminta a bakin ƙofa ba tare da an ce mata ba. Da Kawu ya ga baƙuwa sai ya zama wani mutum. Ban taɓa ganin irin haka ba. Ya dafa hannun kujera ya miƙe, abin da bai yi shi kaɗai ba tun da ya dawo daga asibiti, ya yi mata maraba da tsabtataccen Turancinsa na direban da ya yi shekara da shekaru yana gaida fasinja. Ya tambaye ta ta wace hanya ta zo, ya gaya mata bas ɗin da ya fi sauri. Wata likita ta gaya mini daga baya cewa masu irin ciwonsa sukan tattara duk abin da ya rage musu na hankali a gaban baƙo, su zube bayan ya tafi. Haka kuwa aka yi, ranar bai ko iya cin abincin dare ba.

Ta tambaye shi wanka fa. Ya ce yana yi, matarsa tana ɗan miƙa masa tawul. Ta ce banɗaki fa. Ya yi dariya ya ce shi ba jariri ba ne. Ta ce yana fita? Ya ce duk Juma'a yana shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ya je masallaci shi kaɗai. Ban ce ƙarya ya yi ba. A cikin kansa haka abin yake. Ta juya ga Umma ta ce, haka ne? Umma ta sunkuyar da kai. A rayuwarta ba ta taɓa ƙaryata mijinta a gaban baƙo ba. Ta ce, “Muna managing, mun gode Allah.”

Ma'aikaciyar ba ta tsaya nan ba, kuma dole in faɗi wannan domin adalci. Ta ce wa Umma ita ma tana da haƙƙin a duba nata halin daban, a matsayinta na carer, wato mai jinya, a ga ko tana bukatar hutu ko mai taya ta. Ta tambaye ta a fili ko tana iyawa, ko kuma tana son ci gaba da yi. Umma ta gyara mayafi ta ce, “Ni ba carer ba ce. Matarsa ce.” Ta ce tana iyawa, kuma tana so, kuma ba ta gaji ba.

Sai ma'aikaciyar ta dube ni ta ce ko ina da abin ƙarawa. Na ce yana faɗuwa da dare, kuma ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Kawu ya kwashe da dariya ya ce, “Uwata kenan. Jiya-jiya ta zo ƙasar, komai tsoro yake ba ta.” Umma ta ce da Hausa, ba tare da ta dube ni ba, “Maisuna, shayin baƙuwa ya huce. Je ki ɗumamo.” Na tafi kicin. Kafin in dawo an wuce wurin. Ma'aikaciyar ta leƙa banɗaki ta same shi yana ƙyalli. Ta ci waina biyu, ta ce ba ta taɓa cin irinta ba. Umma ta ƙunsa mata sauran.

Sakamakon ya zo bayan wani lokaci. An yarda yana da bukata wajen wanka da sa kaya, amma an rubuta cewa matarsa tana biya masa ita, da son ranta. An sa mana ƙarfen dafawa a banɗaki, da kujerar zama a yi wanka, da wani ɗan maɓalli da ake rataya masa a wuya ya danna in ya faɗi. Malam Issah ya zo ya yi mana sallama.

Daga nan na fara karatun doka a cikin jirgin ƙasa, zuwa aiki da dawowa. Abin da na fahimta shi ne, duk babban mutumin da ake ganin yana bukatar kulawa yana da haƙƙin a duba shi, ko mai kuɗi ne ko talaka. Ana duba ko ya cancanta ne ba tare da la'akari da taimakon iyali ba. Amma in an gama, council ba dole ta ɗauki nauyin abin da wani a gida ya ce yana iyawa kuma yana son yi ba. Doka ba ta tilasta wa mace ta yi jinyar mijinta. Tana da damar cewa ta gaji, ko ta ce za ta yi girki amma ba za ta iya ɗagawa ba, kuma ba a ɗauke mata miji don ta faɗi haka. Kalma ɗaya ake jira daga bakinta. Kalmar kuwa ita ce wadda tarbiyyarta duka ta hana ta furtawa.

Na buga waya na nemi a sake dubawa. Aka ce sai an ji daga bakin mai jikin, tunda babu takardar da ta ce ba ya iya yanke wa kansa shawara, kuma bai taɓa wakilta kowa a hukumance ba lokacin da yake da lafiya. Aka nemi a ba shi wayar. Ya karɓa ya ce lafiyarsa ƙalau, ya gode ƙwarai da kulawa, Allah Ya yi musu albarka. Masu duba mantuwa kuwa har lokacin ba su kira mu ba. Da suka kira suka ba mu rana, sai aka soke ta, aka sake sa wata rana mai nisa. Na tsaya a baranda kusa da tukunyar furen nan, na rasa wanda zan yi fushi da shi.

Makonnin da suka biyo baya ba ni da abin kirki da zan ce a kansu. Kawu ya fara ƙin abinci sai Umma ta ba shi a baki. Ya fara zarginta da ɓoye masa makullin bas. Wata rana ya hankaɗe ta ta bugu da ƙofa, sannan ya yi ta kuka yana tambayar wa ya taɓa masa mata. Ƙafafun Umma suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Tana hawa 'yan matakalan nan sai ta tsaya tana haki. Na karɓar mata rana wurin likita, ta sa aka ɗage saboda babu mai zama da shi. Na sake yi, na ce zan zauna, ta ce in ya ɓata jikinsa fa, ni zan wanke? Ta fara salla a zaune. Anti Ladi ta zo ta gan ta, wannan karon ba ta yi wasa ba. Ta ja ni kicin ta ce, “Farfesa, mun yi wauta ranar nan, ko?” Na ce ban sani ba, Anti. Ta ce, “Kin sani.”

Wata ranar Asabar da la'asar na tarar da Umma zaune a bakin bahon wanka, soso a hannunta, ruwa yana zuba, ba ta motsi. Na kashe famfon.

“Maisuna.”

“Na'am, Umma.”

“In na ce na gaji, kin tabbata ba za su ɗauke shi ba?”

Na ce iyakar abin da na karanta, ba za su ɗauke shi don wannan ba. Ta ce kada in ce mata iyakar abin da na karanta, in ce mata i ko a'a. Na ce ba za su ɗauke shi ba.

“To kira su. Amma kada Alhaji ya ji. Kada kuma Faisal ya ji.”

Ranar Litinin ta yi magana da su da bakinta. Na kira, na miƙa mata wayar. Ta ce, “Na gaji,” da Hausa, sannan ta faɗa da Turanci. Matar da ta amsa ta yi mata magana mai daɗi, ta tambaya ko abin na gaggawa ne, ko za a iya jira. Umma ta ce a'a, ba gaggawa, kada su takura kansu. Na ƙwace wayar na ce na gaggawa ne. Aka ce an rubuta duka biyun. Aka ba mu rana, makonni kaɗan a gaba.

Da yamma sai ga Umma tana cewa sai a kira Ladi a ɗan gyara gidan kafin ranar. Na ce wallahi Umma ba abin da za a taɓa. Fo zai zauna inda yake, zanen gado zai zauna yadda ya kwana, Kawu ma kada a yi masa aski.

“Turare ma ba za a saka ba?”

“Ba za a saka ba.”

“Ruwa fa? Ko shi ma doka ta hana a ba baƙo?”

Na ce ruwa an yarda. Ta yi dariya har tana tari, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ƙasar da sai ka tona wa kanka asiri ake taimakonka ba. Wannan ce dariyarta ta ƙarshe da na ji.

Ba ta kai ranar ba. Na dawo daga aiki wata Laraba na tarar da su biyu a ƙasa a ɗakin kwana. Bisa ga alama ya zame daga gado ne ta zo ɗaga shi. Tana jingine da bango, idonta a buɗe, numfashi sama-sama. Shi kuwa yana kwance kusa da ita, ya riƙe mata hannu, yana ba ta labarin wata hanyar bas da aka daina bi tun tuni. Maɓallin nan yana rataye a wuyansa. Bai san na mene ne ba. Ban san tun yaushe suke a wurin ba, kuma ba zan ƙiyasta ba. Likitoci sun ce zuciya ce. Sun yi iya ƙoƙarinsu, na shaida, wata nas ma ta zauna da ni bayan lokacin tashinta ya wuce. Umma ta rasu kafin makon ya fita. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mata, Ya sa wahalar nan ta zama kaffara.

A ranar da aka ɗauke ta zuwa asibiti, kafin magariba an turo maza biyu su kula da Kawu, aka ce za su riƙa zuwa safe, rana, yamma da dare. Abin da muka yi watanni muna nema ya zo cikin wuni guda, domin yanzu babu wanda zai ce yana iyawa. Na gode musu, kuma har yanzu ina godiya. Amma ban iya kallonsu ba ranar.

An yi mata salla a Whitechapel. Mutanen da suka taɓa kwana a falonta sun cika sahu. Faisal ya shiga ɗakin mahaifinsa ya fito, ya ce mini da Turanci me ya sa ba wanda ya gaya masa abin ya kai haka. Na ce mahaifiyarka ta hana. Dattijon nan ma ya zo ta'aziyya, ya ce Hajiya ta yi jihadi, ta rufa wa mijinta asiri har ƙarshe, irinta ta ƙare. Anti Ladi ta tashi ta bar falon. Yanzu ana maganar kai Kawu gidan kula da tsofaffi, domin ni ba zan iya ba, Faisal ma ba zai iya ba. An kuma gaya mana cewa tunda matarsa ba ta cikin flat ɗin, in ya koma can dindindin za a sa flat ɗin a lissafin abin da zai biya. Duk abin da ta ji tsoro ya zo, kuma ta hanyar rashinta ya zo.

Ga abin da nake roƙon duk mai karanta wannan. Mai zuwa dubawa ba baƙuwar da ake tarba ba ce. A bar ta ta ga ɗakin yadda yake, a gaya mata mafi munin rana, ba mafi kyawu ba. In tsoho zai yi magana, a nemi a keɓe da ita a faɗi sauran. A tambayi mai jinya ita kaɗai, ba a gaban mijinta ba. Wanda iyayensa ke da hankalinsu yanzu, ya lallashe su su wakilta wani a hukumance tun kafin a bukata. In uwa ta ce muku da sauƙi a waya, ku shiga jirgi ku je ku gani.

Ranar da aka ba Umma ba a soke ta ba. Ranar ta zo, kuma ma'aikaciyar nan ta farko ce dai aka turo. Na cika alkawarin da muka yi: ban taɓa komai ba. Fo yana tsakiyar ɗaki, zanen gado yana yadda ya kwana, gemun Kawu ya yi buzu-buzu. Ta cire takalminta a bakin ƙofa, ta tsaya, na ga ta ja numfashi. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce tana tuna wainar nan. Na ajiye mata ruwa.

Da Kawu ya gan ta sai fuskarsa ta washe. Ya dafa hannun kujera zai miƙe, ya kasa, ya sake gwadawa, ya koma ya zauna. Ya yi mata maraba da Turancin nan nasa, ya tambaye ta ta wace hanya ta zo. Sannan ya juya wajen kicin ya ɗaga murya.

“Rabi! Kin yi baƙuwa. Kawo mata shayi.”

Ma'aikaciyar ta dube ni. Na ce, “Kawu, bari ta fara aikinta tukuna.” Ya ce, “To, Uwata.”

Ta zauna, ta yi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, na amsa kowace yadda take. Da ta zo ta ƙarshe ta rage murya. Ta ce akwai wani a gidan nan da yake iya kula da shi, kuma yake son ci gaba da yi?

Na ce babu.

Ta rubuta. Kawu yana ta kallon ƙofar kicin.